Wa ya tsorata kasuwa?

A Abijan akwai kasuwar hannun jari ta BRVM, wadda ta fara aiki a 1998 domin ƙasashe takwas masu amfani da kuɗin sefa, har da Nijar. Idan farashi ya sauka can, sai ƴan jarida su ce kasuwa ta tsorata. Mu ma nan Matamaye haka muke magana: kasuwa ta ci, kasuwa ta faɗi, hatsi ya tashi.

Mai nazarin harshe zai lura da wani abu. A waɗannan jimloli, kasuwa da hatsi su ne aikau, mutum ya ɓace. Amma hatsi ba shi da ƙafa, ta yaya zai tashi? Wani ne ya tada shi.

Masanin tattalin arzikin Ingila, Keynes, ya bayyana a 1936 cewa mai sayen hannun jari bai cika duban darajar kamfani ba, yana ƙoƙarin gano abin da sauran masu saye za su zata ne. Ɗan kasuwar hatsi ma hakan take. Ruwa ya yi jinkirin mako biyu, ya ji an ce rani zai yi tsawo, sai ya rufe sito. Maƙwabcinsa ya gani, shi ma ya rufe. Kafin kasuwa ta gaba, tiya ta ƙara kuɗi, zato ya zama gaskiya.

To, laifin wa ke nan? Za a ce kowa dukiyarsa yake karewa, kuma ajiya ba haram ba ce. Gaskiya ne, in ba masu ajiya, ba za a sami hatsi da bazara ba. Sai dai wanda hannun jarinsa ya faɗi yana iya jira shekara. Mai neman tuwon dare fa? A 2005, a Damagaram da Maraɗi, akwai hatsi a kasuwa, talaka ne ya kasa saye.

Ni a ganina, hasashe ba laifi ba ne. Laifin yana wurin mai yaɗa labarin da bai tabbatar ba don kayansa su yi daraja, da mai riƙe abinci yana kallon yunwar maƙwabci a matsayin riba. Harshe kuwa yana ba su mafaka duk sanda muka ce "ya tashi".

Gobe in ka ji an ce hatsi ya tashi, ɗan'uwa, tambayi: su wa suka tada shi?