Kwalliya da Tarkace: Algus ne?

A Amurka da Ingila akwai masu wata kwalliya da ake kira sitimfank. Wani marubuci, K. W. Jeter, ya raɗa sunan a 1987. Suna yin shiga irin ta zamanin Sarauniya Biktoriya, lokacin da tururi ke jan jirgin ƙasa. Da yawansu ba su sayen sabon kaya. Gwanjo suke zuwa, su tsinto mataccen agogo, tsohuwar ɗamara, tabaran masu walda. Su ciro ƴan faya-fayan agogo masu haƙora su manna ga hula, su shafa ma roba fenti har ta yi kamar tagulla.

To jama'a, wannan algus ne?

A ganina, a'a. Mai algus ɓoyo yake yi: ya zuba ma nono ruwa, ya amshi kuɗin nono. Wannan kuwa, in ka tambaye shi, da alfahari zai ce maka ai murfin kwalba ne. Amma ran da ya kai tabaran kasuwa, ya ga mai saye yana ƙirga kuɗin tagulla, ya yi shiru, to ya ci haƙƙin mutum, ko da bai buɗe baki ba.