Wa Ya Tsara Dangin Tsirrai?

A bakin rafuka da inuwar duwatsun dajin Kamuku, a ƙasar Birnin Gwari, akwai tsiro mai ganye a tsattsage, dangin agugu da masu magani ke bayarwa don tsila. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Manomin Damari da ya juya ganyensa zai ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a jere, kowanne cike da ƙananan jakunkuna. A yawancin irinsa, kowace jaka tana ɗauke da ƙwayoyi 64 masu laushin ƙura, da su yake yaɗuwa. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, wasu ƙwayoyin suna da tsaga ɗaya da siffar wake, wasu tsaga uku da suka haɗu a tsakiya. Da wannan alama, da yadda ɗigon ya jeru, masana ke gane dangi.

Tambayar ita ce: ɗan Adam ne ya ƙirƙiro wannan tsari, ko tarar da shi ya yi? Ni na tsaya a kan cewa tarar da shi ya yi. A 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya zuba waɗannan tsirrai cikin rukunin masu ɓoyayyen aure, don bai san yadda suke haihuwa ba. A 1851 wani masanin, Hofmeister, ya nuna cewa ƙwayar takan fara tsirar da ɗan ƙaramin tsiro dabam, a jikinsa ake yin barbarar, sannan babban ya fito. Tsagar tana nan tun kafin a ƙera madubi. Allah ne Ya sa ta.

Mai musu zai ce ai masanan kullum sauya rabonsu suke yi, ko a 2016 sun sake jera dangogin bisa binciken ƙwayoyin gado, don haka ra'ayi ne kawai. Amma me ya tilasta musu sauyawa? Tsiron ne ya ƙaryata su. Da son rai ne, babu abin da zai hana kowa tsayawa a kan nasa. Suna namu ne, kuma muna iya kuskure a kansa. Dangantakar kuwa ba mu muka ƙulla ta ba.

Wani zai ce mutanen da rashin tsaro ya hana noma ba su da lokacin ƙurar ganye. Gaskiya ne, rai ne gaba. Sai dai dajin Kamukun nan da aka keɓe tun 1936 amana ce, kuma wanda bai san abin da aka ba shi ajiya ba, ba zai lura ba ranar da ya ɓace. Malamanmu na islamiyya da na boko su koya wa yara juya ganye su duba.