Harshenka Ya Yi Tsawo

Ya ɗan'uwana, kai da ka soma bin Almasihu, ka duba abin da ke cikin aljihunka.

A zamanin kakanninmu magana ba ta wuce inda ƙafar manzo ta kai. A shekara ta 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Mai karatu yakan karanta a zaure, saura suna saurare. A 1957 BBC ta soma magana da Hausa, har makiyayi ya rataya rediyo a kafaɗa. Sa'ad da layin wayar hannu ya bazu a Nijeriya daga 2001, sai mawadaci yake iya saye. Talaka yakan tafi wurin mai laima ya biya kuɗin minti. Da ta yi araha, ɗa ya saya wa uwarsa, miji ya saya wa matarsa. Yanzu wanda bai san baƙi ba yakan danna WhatsApp ya yi magana, muryarsa ta kai Kumasi kafin ya miƙe tsaye.

Wannan alheri ne, gama Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga dukansa da Hausa a 1932, yau makaho yana jinsa ta waya. Amma ka sani harshenka ya yi tsawo. Yaƙub, cikin sura 3 ta wasiƙarsa, ya kamanta harshe da wuta. Fitowa sura 20 kuwa ta hana shaidar zur.

Kada ka ce, "Ba ni na faɗa ba, an turo mini, na tura." Wanda ya ɗebo garwashi a murhun wani ya jefa cikin rumbu, shi ya ƙone hatsin. Idan an aiko maka da hoton gawa, aka ce mutanen wancan addini suka yi, ka tura ba bincike, samari suka ɗauki sanduna, jinin maƙwabcinka yana hannunka.

Domin wannan, kafin ka tura kome, ka tambayi zuciyarka: Na tabbata gaskiya ne? Zan iya faɗinsa a gaban mutumin? Zai kawo salama? In ɗaya ya kāsa, bari maganar ta mutu a wurinka. Idan kuwa ka riga ka watsa ƙarya, ka koma inda ka aika, ka ce, "Na yi kuskure." Yesu yana gafarta wa mai tuba.

Ya Ubangiji, ka tsare bakina da yatsana. Amin.