In Kiɗa Ya Sauya, Rawa Ma Sai Ta Sauya

An saba jawo wannan karin magana kan ɗan kasuwa ko ɗan siyasa da zamani ya juya masa. A ganina hikimarta ta wuce nan, domin ƙasar da muke takawa ita ma makaɗiya ce, tsirrai da dabbobi kuma su ne 'yan rawa.

Wanda ya bi hanyar Funtua zuwa Malumfashi da damina ya san duwatsun da ke tasowa a tsakiyar gonakin masara da dawa da auduga. Masana ƙasa sun ce wannan dutse ya daskare a can ƙarƙashi kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ya lulluɓe shi, mai taushi ya tafi, mai tauri ya tsaya. Kowane dutse ya zama tsibiri a tudu. A samansa ƙasa ba ta fi tafin hannu kauri ba, rana tana gasa fa, ruwan sama ba ya kwana sai a kwarmi. Duk da haka akwai ciyawar da ke bushewa ƙurmus da rani, ka rantse ta mutu, a yi ruwan farko ta farfaɗo cikin kwana biyu. Itatuwa dangin ɓaure suna cusa saiwa a tsaga. Rema, inda ta saura a duwatsun Arewa, tafin ƙafarta mai laushi ne da danshi, ba ta zamewa. Allah ya hore wa kowannensu rawar da ta dace da kiɗan wurin.

A teku abin ya fi fitowa fili. Tsibirin Bioko haɗe yake da gaɓar Kamaru har zuwa kimanin shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙarar duniya ta narke teku ya cika ya raba su. Shi ya sa birai suke can, 'yan uwan na Kamaru, sai dai zaman kaɗaici ya fara bambanta wasunsu. Tsibirin Sao Tome kuwa aman wuta ne ya fito da shi daga tsakiyar ruwa, bai taɓa haɗuwa da nahiya ba. Sai mai fiffike ko wanda ambaliya ta ɗauko bisa kututture ya isa, zuriyarsu ta rikiɗe, har ga tsuntsayen da babu su ko'ina sai can.

Abin da ke damuna shi ne sauri. Kiɗan ƙasa a hankali yake sauyawa, zuriya bayan zuriya tana samun sararin koyon sabon taku. Yau kuwa nakiya da injin fasa dutse suna cinye gefen tsauni cikin 'yan shekaru, a loda tsakuwa a tifa, makiyaya da masu itace su ƙarasa abin da ya rage. Ciyawar fa ba ta iya zama a kunyar masara, rema kuma ba ta yin nisa da tsagar da take ɓuya, alhali dutse na gaba yana bayan gonaki da titi da ƙauyuka.