Jirgin Dakota: Laifin Ƙarfe ne ko na Mai Riƙe da Shi?

A shekarar 1935 kamfanin Douglas na Amurka ya fito da jirgin sama mai suna DC-3 domin jigilar fasinjoji. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, sai aka sake masa fasali ya zama na soja, aka kira shi C-47, Turawan Ingila kuwa suka raɗa masa suna Dakota. An ƙera fiye da 10,000. Filin jirgin saman Kano yana cikin zangunan da jiragen yaƙi suke yada zango a kan hanyarsu ta zuwa Sudan da Masar.

Bayan 1945 aka sayar da dubbai da araha, aka sa musu kujeru, suka koma ɗaukar 'yan kasuwa da wasiƙu da marasa lafiya. Kamfanin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya yi aiki da irinsu tsakanin Legas da garuruwan Arewa. Mai kallo zai ce jirgin ya yi ban kwana da yaƙi ke nan. Amma da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, sai ɓangarorin biyu suka mai da irin wannan jirgi abin jefa bamabamai.

Sau uku aikinsa ya juya, alhali fikafikansa ba su sake ba. To, laifin wane ne? Wani zai ce abin da aka horar domin yaƙi, yaƙi zai koma. Amma tarihin Dakota ya ƙi wannan magana, gama a cikin salama aka haife shi. Ƙarfe ba shi da zuciya; maƙerin da ya ƙera garma, shi ne yake ƙera takobi. Annabi Ishaya ya hango ranar da makamai za su zama kayan noma, Annabi Yowel kuwa ya yi maganar ranar da za a yi akasin haka.

Mutanen ƙasar Suleja sun san wannan gaskiya da hawaye. Ran Kirsimeti na 2011, a Madalla, mota ce ta kawo mutuwa ƙofar cocin St. Theresa, irin motar da take kai iyali sujada. Ba wanda ya tuhumi motar.

Wannan labari yana da gargaɗi da kuma ta'aziyya. Gargaɗin shi ne, salama ba ta zama da kanta. Jirgin da ya ɗauki fasinja jiya yana iya ɗaukar bam gobe. Ta'aziyyar kuwa, wanda ya taɓa riƙe makami bai wuce gyara ba, kada a rufe masa ƙofa.

Saboda haka aikin iyaye ya wuce ɓoye wa yaro wuƙa ko wayar hannu. Zuciyar da za ta riƙe su ita ce abin reno, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.