Jif Mai Tsalle a Baya: Ƙaddara ko Sakaci?

Bayan motar jif yana zaune ne a kan abubuwa biyu masu aiki daban. Sifirin shi ke ɗauke da nauyi, ya lotsa idan taya ta faɗa rami, sannan ya miƙe. Shokazoba kuwa aikinta hana sifirin ci gaba da lilo. A cikinta akwai mai da fistin, duk motsin da ya zo sai ya tura man ta wasu ƙananan kafofi, ƙarfinsa ya koma zafi ya baje. Idan robar da ke tsare man ta tsage, ko kafofin suka lalace, sifirin ya rasa mai tsawata masa, sai bayan mota ya yi ta sama da ƙasa ko da an daɗe da wuce ramin.

Gano wannan ba ya buƙatar na'ura. A danna bayan motar da ƙarfi a saki: mai lafiya ta taso sau ɗaya ta tsaya, marar lafiya ta ci gaba da rawa. Bakanike zai leƙa ya duba yoyon mai a jikin shokazoba, da bushin da ya cinye, da sifirin da ya karye ko ya zauna. Ana canza na dama da na hagu tare, domin sabuwa a gefe ɗaya da tsohuwa a ɗaya gefen suna sa motar karkata. Illar barin abin kuwa babba ce. Tayar da ke tsalle ba ta riƙe kwalta yadda ya kamata, birki yana ƙara nisa kafin ya tsayar, jif kuma doguwa ce, nauyinta na sama, ta fi ƙaramar mota saurin kifewa a kwana.

A nan tambayar addini take shigowa. Mutum ya ɗauki iyalinsa a irin wannan mota, ta kife, an ce ƙaddara ce. Maganar gaskiya ce, domin babu abin da ke faruwa a wajen hukuncin Allah. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa bawa alhakin abin da ya zaɓa ba. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Haka Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Shari'a ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, alhali mai kuskuren bai yi nufin kisa ba. Rashin mugun nufi ke nan bai isa ya wanke mutum ba.

Wurin da maganar ta fi wuya shi ne batun sani. Shokazoba ba ta mutuwa rana ɗaya. Sannu a hankali take rauni, direba yana sabawa da tsallen wata bayan wata, har ya ɗauka haka motar take, ko ya ɗora laifin a kan hanya. Yana iya rantsuwa bai san da matsala ba, kuma bai yi ƙarya ba. To amma akwai bambanci tsakanin jahilcin da ba a iya kauce masa da wanda danna bayan mota sau ɗaya zai kawar. Ɓoyayyen aibi a cikin ƙarfe, wanda ko gwani bai gani ba, uzuri ne. Aibin da fasinjan baya ke ji a ƙugunsa kullum ba uzuri ba ne, direban da kuma bakanike ya gaya wa amma ya ɗage gyaran sai wata mai zuwa, shi ma ya riga ya sani.

Bakaniken ma yana da nasa kason. Malikiyya sun ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da suka karɓa don aiki, saboda maslahar jama'a. Wanda ya goge tsohuwar shokazoba ya shafa mata fenti ya karɓi kuɗin sabuwa ya haɗa algus da jefa rayuka cikin haɗari. Mai sayar da motar da ya ɓoye aibinta ma haka ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar masa da ita.

Saura mai ƙaramin ƙarfi da bai da kuɗin gyara yau. Allah bai ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinta ba, amma rage gudu, da rage kaya a but, da fasa doguwar tafiya da iyali duk suna cikin ikonsa. Idan ya yi waɗannan, abin da ya same shi jarrabawa ce. Idan ya loda mota ya taka wuta da sanin halin da take ciki, sakaci ya yi, kuma alhakin waɗanda ya ɗauka yana wuyansa.