Awar Da Aka Ƙara, Wa Ya Biya Ta?

'Yan'uwana mata, duk wadda maigidanta yake zuwa gidan kallon ƙwallo, a Gumel take ko a Sule Tankarkar, ta lura da wani abu ko da ba ta san dalilinsa ba. A watan Satumba wasan dare na Zakarun Turai ƙarfe 8 ake take shi, kafin 10 da rabi ya turo ƙofa. Ana shiga Nuwamba sai wasan ya koma ƙarfe 9, tuwo ya sandare a kwano, ke kina gyangyaɗi har 11 ta gota. Ba ƙarya ya yi miki ba, 'yar'uwa. Turawa ne suka taɓa agogonsu.

Duk shekara, ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris, suna tura agogo gaba da awa guda, in Lahadin ƙarshe ta Oktoba ta zo su dawo da shi. Dalilinsu, a Landan yini yakan wuce awa 16 a watan Yuni, a Disamba kuwa ko awa 8 ba ya cikawa. Wani magini mai suna William Willett shi ya dage kan shawarar a Ingila tun 1907, wai yana takaicin ganin rana ta fito mutane suna ta sharar barci. Ya mutu a 1915 bai ga an yi ba. Jamus ce ta fara ranar 30 ga Afrilu 1916, ana tsakiyar yaƙi, don a rage ƙona kwal, sai Ingila ta bi ta.

Mu dai Allah Ya hutar da mu. Tsakanin yininmu mafi tsawo da mafi gajarta bai fi awa ɗaya da rabi ba, kuma tun 1919 Nijeriya take kan agogon da take kai. Bafataken da ya koro shanu daga Nijar zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis zai canza sefa zuwa naira, amma ba zai taɓa agogon hannunsa ba.

To abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wai awar nan da suke cewa sun samu da yamma, daga ina ta fito? Rana dai ba ta san an juya komai ba. Kamar ki rage ɗumamen safe ne ki ƙara a tuwon dare, tukunyar ba ta ƙaru ba, sai dai wani ya tashi da yunwa. Mai zuwa shaƙatawa bayan ofis ya ci riba. Mai sammako kuwa, wadda za ta hura wuta, ta yi wa yara wanka, ita aka yanke wa barci. Likitocinsu ma sun lura haɗarin mota da bugun zuciya sukan ƙaru a kwanakin da aka tura agogon. A Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke da yawa, gwamnati ta tura agogo gaba a shekarar 2000 ta bar shi a haka, yara suna fita makaranta gari bai gama wayewa ba, sai a 2017 aka mayar da shi. Shekara 17 ke nan, kuma ba na jin an taɓa tara iyaye mata an tambaye su.

Amma kada mu yi saurin yi wa Turawa dariya. Su dai suna sanar da ranar da za su ɗauki awar, kuma watan Oktoba su mayar da ita. Mu fa?

Maigida ya ce "ina zuwa yanzu", yanzun nan ta kai sallar Isha. Tela ya ce ki dawo jibi da hantsi, ki biya kuɗin mota tun daga Gagarawa ki tarar ko yanka atamfar bai yi ba. Mu kanmu mata, mu ne gaba. A buga kati a rubuta walima ƙarfe 2, alhali uwar biki ta san a ranta ƙarfe 5 take nufi. Ta tura agogo awa uku ke nan, ita kaɗai a ɗakinta, ba sanarwa. Wadda ta gaskata katin ita ce ake wa kallon baƙauya.

Akwai masu cewa ai mu ba mutanen agogo ba ne, da salla muke auna yini, "bayan La'asar" kuwa tana da faɗi, kuma faɗin rahama ne ga mai goyo da mai girki. Na yarda, har ma ina ganin ya fi gaskiya, tunda ba gwamnatin da ta isa ta matsar da La'asar. Sai dai La'asar ma tana da iyaka, in an kira Magariba ta wuce. Rana ba ta ƙarya, in ji Hausawa, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ni a ganina wadda ta ajiye ki awa uku ta ci haƙƙinki kamar wadda ta tauye miki mudu, har gara mai mudun, don gobe tana iya cika miki. Abin da ya sa ba ma jin nauyinsa, an saba ɗauka cewa lokacin matar gida ba shi da kuɗi, tunda ba albashi take karɓa ba. Mu ma mun yarda da haka, shi ya sa muke yi wa juna.

Ki duba wadda ta zo walimar nan ƙarfe 2 daidai. Tun safe ta jiƙa geron kunun da take sayarwa ta bar shi, ta kai yaye gidan maƙwabciya, ta roƙi izinin maigida zuwa ƙarfe 5. Tana zaune a tabarma ita da kujerun haya, biyar ta cika, dole ta yafa mayafinta. A zaure ta ci karo da amarya ana shigowa da ita, uwar biki tana riƙe mata hannu tana cewa, "Haba Hajiya, tun yanzu? Ai ko farawa ba a yi ba."